Kafin a Zargi Busta, a Bi Sawun Wutar da Ke Kunna Ta

Da zarar talabijin ta ce babu sigina, ko hoto ya riƙa daskarewa yana tsattsagewa, hukuncin da ake yankewa a yawancin gidaje shi ne busta ta ƙone. Sai a tura yaro kan kwano ya jujjuya eriya, in abin ya ƙi a nufi kasuwa a sayo sabuwa. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Busta na'ura ce mai cin wuta, kuma hanyar da wutar ke bi ta kai gare ta tana da wuraren lalacewa da yawa. Wanda ya fara bincike daga ɗaki, ya bi waya har sama, zai tsira da kuɗinsa, wani lokacin ma da ransa.

Busta kashi biyu ce. Akwai ƙaramin akwatin da ke ɗaure a ƙarƙashin eriya, wanda ke ƙara wa sigina ƙarfi kafin ya shiga doguwar waya, domin wayar eriya mai tsawon mita 30 tana iya cinye fiye da rabin ƙarfin abin da eriya ta kamo. Akwai kuma adaftar da ke ɗaki a jikin soket, wadda ke mayar da wutar gida ƙaramar wuta, galibi bolt 12, wasu kuma bolt 5. Babu wata wayar wuta daban da ke hawa sama. Wayar da ke sauko da hoto ita ce ke hawa da wuta, ta tagullar tsakiya da ragar da ke kewaye da ita. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, bustar da ba ta samun wuta tare sigina take yi, har ta kai gara a ce babu ita. Shi ya sa adaftar da ta mutu da bustar da ta ƙone suke nuna alama iri ɗaya a allo.

Sauya tsarin watsa shirye-shirye ya ƙara rufe bakin zaren. A zamanin tsohon tsari, hoto kan yi dishi-dishi a hankali, mai kallo ya san matsala na tafe. Tsarin dijital, wanda Najeriya ta fara gwajinsa a Jos a 2016 aka kuma ƙaddamar a Kano a 2021, ba ya ba da wannan gargaɗi: ko hoto ya fito tangaran, ko ya daskare ya ɓace ɗungum. Amma dikoda ta zo da nata ma'auni. A shafin saiti akwai layi biyu, na ƙarfin sigina da na ingancinsa. Idan duka biyun sun faɗi ƙasa a rana ɗaya, kuma duk tashoshi sun tafi tare alhali na maƙwabta na aiki, a fara tuhumar wuta ko yankewar waya. Idan ƙarfi na nan amma inganci na hawa da sauka, matsalar ta fi kama da karkacewar eriya, ko ruwa a waya, ko kutsen wani sigina.

Farkon binciken ba ya buƙatar tsani. A dubi ƙaramar fitilar adafta. In ba ta ci, a cire wayar da ta nufi eriya. In fitilar ta dawo, adafta lafiya lau take, wani wuri ne a waya ko a busta ke haɗe wuta. Mafi yawan lokaci sili ɗaya ne na ragar waya, siriri kamar gashi, ya lanƙwashe ya taɓa tagullar tsakiya a cikin kan waya, kuma sake feƙe kan ya wadatar. A duba ko an sauya wa wayoyin biyu rami lokacin shara ko gyaran ɗaki, domin rami ɗaya ne kawai ke fitar da wuta, wanda aka yi wa alamar eriya. A duba ko an saka abin raba layi tsakanin adafta da eriya don kai hoto wani ɗaki, domin da yawansu ba sa barin wuta ta wuce. Inda dikoda ce ke ba eriya bolt 5, a tabbata ba a kashe wannan saiti ba. Mai gyara da ke da mitar awon wuta zai auna tsakanin tagulla da raga, a ƙasa sannan a ƙarshen waya ta sama. Wuta a ƙasa babu a sama, laifin waya ne. Sai an samu wuta a duka biyun kafin zargi ya hau kan busta.

Wani zai ce shi dai ya sayi sabuwa kuma hoto ya dawo. Haka ne, amma sabuwar ta zo da sabuwar adafta, kuma wanda ya ɗaura ta ya sake feƙe kawunan waya, don haka dawowar hoto ba ta nuna wanne ne ya lalace ba. Busta na mutuwa, ba a musun wannan: tsawa na ƙona ta, rana na fasa robar akwatinta a bazara, ruwan damina ya shiga ya bar koriyar tsatsa a kan tagulla. Hanyar tabbatarwa ita ce a cire ta tare da adaftarta, a haɗa eriya da dikoda kai tsaye. In tashoshi masu ƙarfi suka dawo, alhali an riga an samu wuta a ƙasa da sama, an gano mai laifi.

Wani kuma zai ce a sayi mafi ƙarfi a huta. Busta ba ta ƙirƙirar siginar da eriya ba ta kamo ba, kuma duk hayaniyar da ta shigo tare take ƙara wa ƙarfi. A gidan da ke kusa da tashar watsawa, ko kusa da turken sadarwa mai amfani da zangon megahaz 700 ko 800 da ke maƙwabtaka da na talabijin, busta mai ƙarfi kan cika ta rikice, hoto ya ƙara lalacewa. Maganin irin wannan gida shi ne rage ƙarfi, ko saka matacin sigina, ko cire bustar gaba ɗaya.

In bincike ya kai ga sai an hau sama, a zare adafta daga soket tukuna in ba awon wuta za a yi ba, kada a hau lokacin hadari ko kan jiƙaƙƙen kwano. A auna tazarar da ke tsakanin sandar eriya da wayoyin falwaya, domin bututun ƙarfe ko jiƙaƙƙiyar gora da ta faɗa kan babban layi tana kashe mai riƙe da ita nan take. Kada a maye gurbin adafta da duk wadda aka tsinta a gida sai lambar bolt ɗinta ta yi daidai da ta tsohuwar. Idan an gama, a naɗe mahaɗin waje da tef, a bar waya ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗige a waje, sannan a riƙa zare adafta da wayar eriya duk lokacin da hadari ya haɗo.