Fyaɗe: Kwana Uku Da Ba Su Jiran Maigida Ya Dawo Daga Ikko

Da yawa daga cikinmu masu neman abinci a nan Kudu, tun daga Agege har Shagamu da Sabon Badun, mun baro iyali a gida, wasunmu kuwa a garuruwan da su ke kewaye da Abuja, kamar su Kubwa da Bwari da Gwagwalada. To, a ce, Allah ya kiyaye, wata safiya a bugo maka waya cewa an yi wa 'yarka ko ƙanwarka fyaɗe. Abin da mutuminmu ya saba faɗa shi ne, "Kada kowa ya ji, ku dakata sai na zo." Kafin ya sallami uban gidansa, ya haɗa kuɗin mota, ya kwana a hanya, kwana biyu ko uku sun shuɗe, alhali kuwa su ne kwanakin da likita ya fi bukata.

Akwai ƙwayar magani mai suna levonorgestrel, wadda a ke sayarwa a kemis da sunan Postinor-2, mai hana ciki shiga bayan an sadu da mace. An fi so a sha ta cikin awa 72. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a na iya kaiwa awa 120, amma ƙarfinta raguwa ya ke yi kowace rana. Akwai kuma robar mahaifa mai tagulla da likita ke sawa cikin kwana 5, ita ce ma ta fi aiki. Daɗin daɗawa, maganin da ke kare mutum daga ƙanjamau dole a fara shi cikin awa 72, a yi kwana 28 a na sha.

A nan ne hankalin iyaye ya ke rabuwa biyu. Da uwa ta ji an ce "maganin ciki" sai gabanta ya faɗi, ta ce wannan ba kisan rai ba ne kuwa? Tambayarta ba ta wauta ba ce. Mazhabar Malikiyya da mu ke bi ta tsananta a wannan babi, domin sanannen ra'ayinta shi ne bai halatta a fitar da abin da ya riga ya zauna a mahaifa ba, ko da bai cika kwana 40 ba. Wasu mazhabobin sun sassauta, in da uzuri, kafin a busa rai a kwana 120. Amma azalu, watau hana cikin shiga tun farko, malamai da dama sun halatta shi. Saboda haka abin dubawa shi ne, a wane ɓangare wannan ƙwaya ta faɗa?

Likitoci sun ce aikinta shi ne jinkirta fitowar ƙwan mace don kada ya haɗu da maniyyi, kuma idan ciki ya riga ya zauna ba ta zubar da shi. A nawa ganin wannan ya fi kusa da azalu. Ni ba malami ba ne, amma in za ka nemi fatawa, nemi malamin da zai saurari bayanin likita, ka kuma tambaya tun kafin ranar bukata. Ba Musulmi kaɗai su ka sha wannan muhawara ba. A birnin Kolon na Jamus an taɓa mayar da wata mata da a ke zaton an yi wa fyaɗe daga asibitocin Katolika biyu, abin ya tayar da ƙura, har a watan Fabrairun 2013 manyan limaman cocin na ƙasar su ka yarda a riƙa ba da ƙwayar da ke hana ciki shiga, banda mai zubarwa.

Dubi kuma abin da jinkiri ke jawowa. Dokar Final Kod da ke aiki a Abuja da jihohin Arewa ta haramta zubar da ciki sai don ceton ran uwa, hukuncin ya kai ɗaurin shekara 14, kuma ba ta keɓe cikin fyaɗe ba. Dokar Kudu ma haka ta ke. Yarinyar da aka ɓoye a ɗaki don rufin asiri, bayan wata biyu ko dai ta bar makaranta ta goya cikin, ko kuwa a kai ta a ɓoye wurin wani ɗan baranda mai allura a bayan shago, inda a ke rasa rai biyu maimakon ɗayan da aka ji tsoro.

Wanda ya yi laifin kuwa, dokar hana cin zarafin jama'a da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2015 ta tanadar masa ɗaurin rai da rai, ga baligi ba ƙasa da shekara 12 ba, kuma hukumar NAPTIP ce ke kula da ita a Abuja. Akwai cibiyar kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe a Babban Asibitin Bwari. Mu mazauna Ikko kuwa ga Cibiyar Mirabel a asibitin koyarwa na Ikeja, wadda aka buɗe a 2013, kuma kyauta ta ke aiki.

Don haka in irin wayar nan ta same ka, ba da izininka nan take, ka ce uwarta ko gwaggonta ta kai ta asibiti a ranar. In zai yiwu kada ta yi wanka tukuna, a adana tufafin da ke jikinta saboda shaida. Idan ta yi amai cikin awa 2 da shan ƙwayar sai ta sake shan wata, in kuma al'adarta ta yi jinkirin fiye da mako guda a koma asibiti a yi gwaji.