Mai Tauraro da Mai Kan Damisa: Yadda Haja Ke Samun Suna a Tasawa da Mayahi

Uwar da za ta aiki yaro kanti a Tasawa ba ta rubuta masa komai a takarda. Faɗa masa take yi ya sayo Maggi mai tauraro da batir mai kan damisa. Yaron bai san kamfanin Nestlé ba, bai kuma san daga ƙasar Sin batirin ya fito ba, amma zai je ya dawo da abin da aka aike shi. Wanda ya zana tauraron nan da kan damisar ya yi aikin da ya kai har bakin yaron da bai shiga lakwal ba.

Irin wannan aikin ne mafi yawan kayan da ake yi a Tasawa da Mayahi ba su samu ba.

Tasawa tana kan babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram, kuma matafiya sun san ta da kilishi. Mota na tsayawa a tasha, masu faranti sun kewaye ta. Matafiyi ya saya, a naɗe masa a takarda, ya kai tsaraba Yamai ko Damagaram. Can aka ci aka yaba, sai a tambaye shi na wa ne, ya ce na Tasawa ne, iyakar abin da ya sani ke nan. Takardar ba ta ɗauke da suna, ba lambar salula, ba wata alama. Mahaucin da ya ɓata yini yana yanyana nama, yana shanya, yana tsoma shi a labu, yana gasawa, ya yi asarar mai sayen da zai nemo shi gobe, kuma duk wanda ya ga dama zai sayar da nasa da sunan garin.

A Mayahi ma haka abin yake. Gulbin Kaba ya ratsa yankin, goruba ta yi yawa a kwarinsa, mata na saƙa tabarmi da kabarta. Dillali ya kwasa ya yi kudu da su, kuma da tabarmar ta bar hannun mai saƙa, sunan ƙauyenta ya ɓace. Man gyaɗar da ƙungiyoyin mata ke matsewa a tsofaffin robobin ruwa ko na lemo ake zuba shi, wani lokaci ma da takardar kamfanin lemon a jiki.

Ba wai alama baƙuwa ce a ƙasar Hausa ba. Makiyayi yana yi wa raƙuminsa lamba da wuta don a gane shi ko a wace kasuwa. Alƙali da sarki suna da hatimi. Dagi yana jikin soraye da riguna da jakunkunan fata. Kalmar tambari, da ake amfani da ita yau ga alamar kamfani, asalinta gangar sarauta ce, wadda jin ƙararta kawai ya isa a san wanda ke tafe.

Matsalar ita ce yawancin zanen da ake yi wa ƙananan 'yan kasuwa a yau, an yi shi ne don idon wanda ya yi boko. Matashi mai salula ya buɗe Canva ko PixelLab, ko mai shagon buga takardu ya buɗe CorelDRAW a kwamfuta, ya ɗauko tsarin da aka yi don wani shagon Turai, ya cika shi da Faransanci da launi biyar da haruffa masu lanƙwasa. A fuska yana da kyau. Sai dai a Nijar manyan da suka iya karatun boko ba su kai huɗu cikin goma ba, kuma a karkara, musamman cikin mata, adadin ya fi haka ƙasa. Su ne kuwa masu saye. Don haka gwajin da ya kamata a yi wa kowane tambari mai sauƙi ne: a nuna wa tsohuwa a kasuwa, a ji ko za ta iya kiransa da “mai kaza”. Mai rariya, mai goruba, mai jar akuya. Idan ta rasa abin da za ta ce, sai a koma a sake zane.

Ƙungiyoyi masu zaman kansu sun fi kowa buƙatar wannan darasi, kuma a jihar Maraɗi aka yi misalinsa mafi kyau. A 1991 ƙungiyar CARE ta soma tara mata suna zuba kuɗi a asusu kowane mako suna ranta wa juna, aka kira tsarin Mata Masu Dubara. Tsarin ya yaɗu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta, amma a gida sunan ne ya kama, domin yabo ne da mace za ta so a kira ta da shi. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, da mabuɗansa ke hannun mata uku daban-daban, shi kansa ya zama alamar da ke cewa nan akwai amana. 'Yan siyasar Nijar ma sun gane haka tun farkon shekarun 1990: a takarda sunayen jam'iyyunsu PNDS ne da MNSD da CDS, a bakin jama'a kuwa Tarayya da Nasara da Rahama.

A gwada wannan da allunan furoje da ke tsaye a mashigar ƙauyuka kan hanyar Kanambakashe ko Korgom. Farin allo, gajerun haruffan Faransanci, tambarin masu ba da kuɗi jere a ƙasa. Mutanen da aka haƙa wa rijiya ba su iya faɗin sunan aikin ba, sai su laƙaba masa nasu. Masu ba da kuɗi suna da haƙƙin a ga alamarsu, amma ba abin da ya hana a sa sunan Hausa da manyan baƙaƙe a sama, a ƙara layi ɗaya na ajami domin ɗimbin mutanen da suka yi makarantar allo.

Tun Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Wannan ya ɗora wa masu zane wani nauyi da ba su saba da shi ba. Yawancin salon haruffan da ke cikin manhajoji ba su da ƙ da ɗ da ɓ, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar inda Nijeriya ke sa 'y. Sai harafin ya fito kamar ɗan akwati, ko mai zane ya cire lanƙwasar ya huta, ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki. Akwai salon haruffa na kyauta da suka ƙunshe su, irin su Noto da Andika da Charis, kuma sauke su bai fi 'yan mintoci ba.

Sauran ƙa'idojin na bugu ne. Fuskar salula da haske kala uku take haɗa launi, injin bugu kuwa da tawada huɗu, shi ya sa koren da ya yi sheƙi a waya yake fitowa a dushe a takarda. Hoton da aka tura ta WhatsApp matse shi ake yi, idan aka faɗaɗa shi a kan babban kyalle sai ya farfashe. A tura shi a matsayin fayil. Ranar bazara tana cinye ja da wuri. Tambari nagari shi ne wanda zai fito ko da baƙar tawada kaɗai, a hatimin roba da bai wuce faɗin kwalbar turare ba, domin ƙungiyar matan da ba ta da kuɗin buga takarda mai launi tana iya sayen hatimi ɗaya ta buga a kan dubun takardu. A jikin kaya a rubuta abin da ke ciki, da ranar da aka yi shi, da ranar da zai lalace, da lambar waya. Farashi kuma a yi hattara da shi: wanda ya rubuta 500 yana nufin sefa, mai saye kuwa da dala yake lissafi, dala ɗari yake kiranta.

Suna idan ya yi daraja, ɓarayinsa na nan tafe. Nijar ta ɗanɗana haka lokacin da wani kamfanin iri na Senegal ya nemi mallakar sunan albasar Galmi, har sai da hukumomin Nijar suka kai ƙara. Daga baya aka yi wa albasar rajista, tare da kilishi da cuku da fatar jar akuyar Maraɗi, a hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. Rajista ɗaya a can tana kare tambari a ƙasashe 17 har shekara 10, ana kuma sabuntawa. Ƙungiya na iya yin ta da sunan dukan mambobinta, abin da ya fi dacewa da mahautan Tasawa ko masaƙan Gulbin Kaba fiye da kowa ya yi tasa. Sai dai Nijeriya ba ta cikin OAPI, alhali kasuwannin Katsina da Daura da Kano ne ke shan kaso mai yawa na abin da ya fita daga wannan yanki. Wanda yake son sunansa ya tsira a can, sai ya sake yin wata rajistar a Abuja.