Tsufan Batirin Kwamfutar Tafi-da-gidanka: Ma'anar Saƙon Gargaɗi da Matakan da Suka Dace

1.0 Gabatarwa

Kwamfutar tafi-da-gidanka ta zama abokiyar aikin manazarci. A cikinta yake rubuta kundinsa, a cikinta kuma yake adana hirarrakin da ya naɗo daga bakin masana da makaɗa da dattawa. A yankin da ake yawan ɗauke wuta, batirin kwamfutar ne ke hana aikin yini guda salwanta. Saboda haka hankali kan tashi ranar da saƙo ya bayyana a fuskar kwamfuta yana shawartar a canza batir. Wasu kan ɗauki saƙon a matsayin dabarar kamfanoni ta neman kuɗi su yi biris da shi, wasu kuma su ruga kasuwa a ranar. Wannan maƙala ta bayyana dalilin tsufan batir, da abin da saƙon yake nufi, da yadda za a bambanta batirin da zai iya jira da wanda ya zama haɗari.

2.0 Yadda Batir Yake Tsufa

Kusan dukkan kwamfutocin yau suna aiki ne da batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a shekarar 1991. A 2019 aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai saboda aikinsu a kansa. Batirin yana da ɓangarori biyu da wani ruwan sinadari a tsakaninsu. Idan ana caji, ƙwayoyin litiyam kan ƙaura daga ɓangare ɗaya zuwa ɗayan. Idan ana amfani da kwamfutar sai su komo. A kowace kai-komo wasu ƙwayoyin kan maƙale cikin wani siririn ɓawo da ke taruwa a ciki, ba su sake shiga aiki. Ta haka adadin wutar da batirin zai iya riƙewa yake raguwa sannu a hankali, ko da ana kula da shi matuƙar kulawa.

Ana lissafa wannan kai-komo da abin da ake kira zagayen caji. Zagaye ɗaya shi ne amfani da kashi 100 na cajin batir, ko da ba a zama ɗaya ba: wanda ya ci kashi 50 yau, ya cika, ya sake cin kashi 50 gobe, zagaye ɗaya ya yi. Kamfanin Apple ya ƙayyade wa yawancin kwamfutocin MacBook na zamani zagaye 1000, inda ake sa ran batirin ya riƙe kimanin kashi 80 na ƙarfinsa na asali.

3.0 Abubuwan da ke Gaggauta Tsufa

Abu na farko shi ne zafi. Zafi yana hanzarta sauye-sauyen sinadarai da ke cinye litiyam. Apple ya shawarci a yi amfani da MacBook a yanayin da bai wuce maki 35 a ma'aunin Salshiyos ba, alhali a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Damagaram zafin bazara kan haura maki 40. Ɗora kwamfuta kan katifa ko matashi yana toshe kafofin iska, ƙurar hunturu kuma tana cushe fanka, duka biyun suna ƙara zafin ciki.

Abu na biyu shi ne barin batir cike maƙil na tsawon lokaci. Ƙwayar batir takan kai kimanin bolt 4.2 idan ta cika, kuma zama a wannan matsayi yana gajiyar da ita, musamman idan ya haɗu da zafi. Na uku shi ne yawan barin caji ya ƙare ƙaf. A nan ne halin wutar lantarki yake da tasiri: mai tsoron ɗauke wuta yakan bar kwamfutarsa a jone muddin akwai wuta, idan an ɗauke kuma ya yi aiki har ta mutu, wato yana kai batirin ƙarshen iyakokinsa biyu kusan kullum. Ra'ayin nan da ya yaɗu cewa sai batir ya ƙare tas kafin a sa shi caji ya samo asali ne daga tsofaffin batura na nikel da kadmiyam, bai dace da na litiyam ba.

4.0 Ma'anar Saƙon Gargaɗi

A cikin batirin akwai ƙaramar na'ura da ke lissafa abin da yake iya riƙewa yanzu, ta kwatanta da abin da aka ƙera shi ya riƙe. Idan giɓin ya kai wani mataki sai manhajar kwamfutar ta fitar da gargaɗi. A 2010 masu amfani da Windows 7 da dama sun yi ƙorafin cewa manhajar ce ke lalata musu batura, sai Microsoft ya bayyana cewa saƙon yana fitowa ne idan ƙarfin batir ya sauka zuwa kashi 40 na asalinsa. Ke nan saƙon rahoto ne kan lalacewar da ta riga ta auku.

Mai kwamfuta zai iya duba alƙaluman da kansa. A Windows, rubuta umarnin powercfg /batteryreport yana samar da rahoto mai nuna ƙarfin batir na asali da ƙarfinsa na yanzu. Misali, idan na asali 50,000 ne, na yanzu kuma 30,000, to saura kashi 60. A MacBook ana ganin halin batir da yawan zagayensa a sashen bayanan na'ura. Wannan bincike yana da muhimmanci ga mai sayen kwamfutar hannu, domin da yawa daga cikinsu sun riga sun ci rabin rayuwar batirinsu kafin su iso. Wani lokaci kuma lissafin na'urar ne ke karkacewa, har kwamfuta ta mutu tana nuna saura kashi 20. Cika batirin, a bar shi ya sauka ƙasa sosai, a sake cika shi sau ɗaya, yakan daidaita lissafin, amma ba ya mayar da ƙarfin da ya riga ya tafi.

5.0 Matakan da Suka Dace

A bakin jama'a, "batir ya mutu" yana ɗaukar halaye uku mabambanta, kuma kowanne da matakinsa. Na farko shi ne batirin da ba ya riƙe caji kamar da. Wannan tsufa ne kawai, ana iya ci gaba da aiki da shi har a samu halin saye. Na biyu shi ne wanda ke kashe kwamfuta ba zato. Wannan barazana ce ga aiki, don haka ya wajaba a kwafe kundi da hirarraki zuwa wata ma'adana tun kafin a canza shi. Na uku shi ne wanda ya kumbura sakamakon iskar gas da ta taru a cikinsa. Alamunsa su ne ɗagowar wurin shafa yatsa, ko buɗewar murfin ƙasa, ko kwamfuta ta kasa zama daidai a kan tebur. Irin wannan ba a jinkiri da shi: a daina caji, kada a danna shi ko a huda shi, a kai wa ƙwararren mai gyara, domin batirin litiyam yana iya kamawa da wuta. A watan Agustan 2006 kamfanin Dell ya janye batura kimanin miliyan 4.1 saboda wannan haɗari na gobara.

Wajen sayen sabo, ya kamata lambar batirin da ƙarfinsa su dace da na asali, a kuma sake duba rahoton bayan an sa shi. Tsohon ba a jefa shi a shara da ake ƙonawa. Domin sabon ya daɗe, kamfanoni irin su Lenovo da ASUS da Dell sun tanadi tsarin tsayar da caji a kashi 80 ko ƙasa da haka, wanda ya dace da mai wutar sola ko ofishin da wuta ta wadata. Wanda zai fita aikin fili kuwa sai ya cika batirinsa. Idan za a ajiye kwamfuta na watanni, a bar ta da kimanin rabin caji a wuri mai sanyi.

6.0 Kammalawa

Batir kaya ne mai ƙarewa kamar tayar mota, kuma zafin ƙasar Hausa da halin wutarta suna rage masa kwana. Saƙon gargaɗi yana ba mai kwamfuta damar shiri: ya duba alƙaluma, ya lura da jikin na'urarsa, ya tanadi kwafin aikinsa, sannan ya yanke shawarar lokacin saye gwargwadon halin da batirin yake ciki.