Ingila: in asusun gari ya ƙafe, gidan littattafai ake fara taɓawa

Ran 3 ga watan Satumba na shekarar 2013, birnin Birmingam, na biyu a yawan jama'a cikin Ingila bayan Landan, ya yi bikin buɗe wani ƙasaitaccen gidan littattafai, irin wanda ƴan lekol ke kira bibiliyotek. Bene ne mai hawa goma, ya ci fam miliyon 189, wato wajen miliyar 140 na sefa. Malala Yousafzai, yarinyar nan ta Pakistan da aka harba saboda fafutikar karatun mata, wadda aka yi jinyarta a birnin, ita ce ta buɗe ƙofa. Ba a cika shekara biyu ba hukumar gari ta rage lokacin aiki daga awa 73 a mako zuwa 40, ta sallami wajen rabin ma'aikatan gidan. A 2015 ɗin nan, wasu ƙananan gidajen littattafai na unguwanni suka manna takarda suna roƙon jama'a ta kawo musu littattafai, domin an dakatar da saye. Shekara goma da kwana biyu bayan biki, ran 5 ga Satumba 2023, hukumar ta sanar cewa abin da ke hannunta ba zai biya abin da ke kanta ba.

Mai karatu zai yi mamaki. Ƙasar da ake ganin arzikinta ya kai inda ya kai, ta yaya birninta na biyu zai rasa kuɗin sayen littafi? Amsar tana cikin yadda aka tsara asusun garuruwa a can.

A Ingila kowane gari ko gunduma na da majalisa ta zaɓaɓɓu, kwatankwacin meri, ita ke kwashe shara, ta gyara hanyoyin cikin gari, ta kula da gidajen littattafai. Kuɗinta na shigowa ta ƙofa uku: harajin gidaje da mazauna ke biya, harajin shaguna da masana'antu wanda ya yi kama da fatanti, sai kason da gomnatin Landan ke aikowa. Bayan rikicin bankuna na 2008, gomnatin David Cameron da ta hau mulki a 2010 ta ɗauki manufar tsuke bakin aljihu, kuma kason garuruwa na cikin abin da ya fi shan wuƙa. Hukumar binciken asusun ƙasa ta lissafa a 2018 cewa cikin shekara bakwai kason ya ragu da kashi 49 cikin ɗari, in an yi la'akari da tsadar kaya. Sauran ƙofofin kuwa ba a buɗe suke ba. Majalisa ba ta da ikon ƙara harajin gidaje fiye da wani mizani, wajen kashi 5 cikin ɗari a shekara ga manyan majalisu, sai da ƙuri'ar raba gardama ko izinin minista. Doka kuma ta hana ta tsara kasafin da fita ta fi shiga. Ranar da ma'ajin gari ya ga lissafi ya ƙi haɗuwa, sashe na 114 na wata dokar 1988 ya tilasta masa ya rubuta takarda, daga nan duk wani sabon kashe kuɗi ya tsaya cik, in ban da abin da doka ta wajabta. Wannan takarda ce aka rubuta a Birmingam.

Sa'ad da shiga ke raguwa, wani kaya yana ta ƙara nauyi. A can, ɗawainiyar tsofaffi marasa ƙarfi, da naƙasassu, da yaran da aka raba da iyayensu, tana wuyan majalisa ne, kuma ba ta da damar cewa babu. Mutane sun ƙara tsawon rai, kuɗin jinya ya tashi, har ta kai wannan ɗawainiya na lashe wajen kashi biyu cikin uku na kasafin manyan gundumomi. Tun a 2012 wani zane da majalisar Barnet, a arewacin Landan, ta fitar ya bazu cikin jaridu, yana nuna cewa in aka ci gaba haka, kafin shekara ashirin wannan fanni kaɗai zai cinye asusun gaba ɗaya, ba a bar ko kwabo na shara ko na littafi ba.

Ba duka laifin ne na Landan ba. Birmingam ta jawo wa kanta wani abu. Shekara da shekaru tana biyan maza, kamar masu kwashe shara, wani alawus da ba ta biyan mata masu aiki daidai da nasu a mizani, irin masu dafa abinci a lekol da masu share ofisoshi. Matan suka kai ƙara suka yi nasara, a 2023 aka ƙiyasta abin da za a iya binta zai kai fam miliyon 760. Ga kuma wani tsarin kwamfuta na riƙe lissafi da aka sayo kan miliyon 19, ya ƙi aiki yadda ya kamata, gyaransa ya doshi miliyon 100. Wanda ke zuwa aron littafi bai sa hannu a ko ɗaya daga cikin waɗannan takardu ba.

Doka mai baki biyu

Abin da ya sa gidan littattafai ya zama na farko a gaban mahauci shi ne irin kariyar da doka ta yi masa. Dokar 1964 ta wajabta wa kowace majalisa ta tanadar wa jama'arta gidajen littattafai wadatattu masu aiki sosai, ta kuma hana karɓar kuɗi don aron littafi. Sai dai ba ta faɗi gida nawa ne wadata ba, ba ta faɗi awa nawa za a buɗe ba, ba ta faɗi nisan da talaka zai taka kafin ya isa ba. Tsohuwar da aka ƙi kula da ita tana da suna, tana da dangi, tana da lauya. Gidan littattafai kuwa ana iya rufe shi ran Litinin da Laraba, a rage ma'aikaci ɗaya bana, wani baɗi, a bar sayen sababbin littattafai, kuma a takarda majalisa ba ta karya doka ba. Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a taron yanke kasafi ya san wane layi ake fara gogewa: wanda mai shi ba ya cikin ɗaki.

Dokar ta ba minista ikon bincike. A 2009, da majalisar Wirral, kusa da Liverpool, ta shirya rufe gidaje 11, minista ya aika aka bincika, majalisar ta janye tun kafin a fitar da sakamako. Cikin shekaru goma da suka biyo, da aka rufe ɗaruruwa, ba ministan da ya sake ɗaga wannan sanda. Sai jama'a suka koma kotu. A gundumar Northamptonshire, wadda ta rubuta takardar sashe na 114 a watan Fabrairu 2018, an shirya janye hannu daga gidaje 21 cikin 36. Iyalin wata ƙaramar yarinya na cikin waɗanda suka shigar da ƙara, a watan Agusta alƙaliya ta soke shawarar. To amma abin da kotu ta kama shi ne hanyar da aka bi, cewa majalisa ba ta auna abin da zai biyo baya ba. Ba ta ce haramun ne a rufe ba, ba ta kuma sa ko fam ɗaya cikin asusu ba. Da yawa daga cikin gidajen daga baya an miƙa su ga ƙungiyoyin unguwa, majalisar kanta aka rushe ta a 2021.

Wannan gardama ta wa zai ɗauki nauyi ta girmi kowa. Dokar farko, ta 1850, ta yarda garin da ya haura mutum 10.000 ya karɓi rabin kwabo a kowane fam na darajar gida don gina gidan littattafai, amma, abin dariya, ta hana a sayi littafi da kuɗin. Sai a 1855 aka ƙara zuwa kwabo ɗaya aka halatta saye, ba a kuma cire wannan takunkumi na kwabo ba sai 1919. Manchesta ta buɗe nata a 1852. Daga baya attajiri Andrew Carnegie, ɗan wani masaƙi daga Dunfermline a Sikotilan, wanda ya yi arziki da ƙarfe a Amurka, ya biya kuɗin gina gidaje sama da 2.500 a duniya, 660 daga ciki a Biritaniya da Ailan. Ɗan kasuwa ne, ya san lissafi. Gini kawai yake biya, kuma ba ya ba da kuɗi sai gari ya samar da fili ya ɗauki alkawarin ciyar da gidan daga harajinsa kowace shekara. Mai doki ya sani, ranar saye rana ɗaya ce, harawa da dusa kuwa kullum ne. Alkawarin harawar ne majalisu ke kasa cikawa a yau.

Ƙungiyar akantocin hukuma ta ƙasar, CIPFA, ta ƙidaya a 2019 cewa gidaje 773 aka rufe tun 2010, saura 3.583. Kuɗin da ake kashewa ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Ma'aikata masu albashi sun sauko daga 24.000 zuwa 15.300, alhali masu aikin sa kai sun haura 51.000. A 2024 wani binciken BBC ya gano cewa tun 2016 sama da gidaje 180 aka rufe ko aka miƙa wa ƴan sa kai, kuma yankunan talakawa sun fi na masu hali fuskantar asarar har ninki huɗu.

Wannan adadi na ƙarshe shi ne abin dubawa. Majalisu sun sami wata dabara: maimakon su sa kwaɗo, sai su ce wa unguwa ga gida nan, ku riƙe. Da hanau gara mannau, haka ne. Amma riƙon yana buƙatar mutanen da ke da lokaci, da ilimin lissafi, da sanin yadda ake rubuta takardar neman taimako. Unguwar da tsofaffin malaman lekol da lauyoyi masu fansho ke zaune tana da su. Unguwar da kowa ke aiki biyu don biyan haya ba ta da su, kuma ita ce ta fi bukatar gidan. Domin a Ingila ta yau ba littafi kaɗai ake zuwa nema ba. Neman aiki da neman tallafin gomnati duk ta intanet ake yi, wanda ba shi da kwamfuta a gida can yake zuwa. Ɗan lekol da ke kwana ɗaki ɗaya da ƙannensa can yake bitar jarrabawa. A hunturun 2022, da kuɗin wuta da gas suka yi tashin gwauron zabo, gidajen littattafai da yawa suka zama wurin jin ɗumi ga waɗanda suka kasa ɗumama ɗakunansu. Wuri ne da mutum ke shiga ya wuni ba wanda ya tambaye shi me zai saya.

A unguwar Kensal Rise ta Landan akwai wani ƙaramin gida da marubucin Amurka Mark Twain ya buɗe a 1900. Majalisar Brent ta rufe shi a 2011, tare da wasu biyar cikin goma sha biyu da take da su. Mazauna suka yi ta gadi a ƙofa, har sai da majalisa ta aiko ma'aikata da ƴan sanda da tsakar dare, a watan Mayu 2012, aka kwashe littattafan. Mutanen ba su haƙura ba, suka tara kuɗi, a 2019 suka sake buɗe wani sashe na ginin da hannunsu. Shekara takwas suka yi suna wannan fama, kuma garuruwa ƙalilan ne ke da irin wannan numfashi.

Akwai inda aka bi wata hanya. Tower Hamlets, a gabashin Landan, yanki ne na talakawa da baƙi, musamman ƴan asalin Bangladash, kuma a ƙarshen shekarun 1990 gidajen littattafansa sun zama kufai. Majalisa ta tambayi mutane me ya hana su zuwa, suka ce gidajen na nesa da inda suke harkokinsu. Sai ta rufe wasu tsofaffi, ta gina sababbi a bakin kasuwa da manyan tituna, ta sa musu suna Idea Store, ta haɗa su da azuzuwan koyon sana'a da yaƙi da jahilci, ana buɗewa kwana bakwai a mako. Na farko ya buɗe a 2002, babbansu a 2005 a Whitechapel, rumfunan ƴan kasuwa na jere a ƙofarsa. Masu shiga suka ninka wajen sau huɗu. Sai dai an yi wannan ne a shekarun da kuɗi ke akwai. Gundumar Suffolk kuma ta miƙa gidajenta 44 ga wata ƙungiya mai zaman kanta a 2012, tana biyanta kowace shekara, ba a rufe ko ɗaya ba. A 2025 suka kasa daidaitawa kan sabuwar yarjejeniya, majalisa ta karɓe kayanta.

A Birmingam, kasafin da aka amince da shi a watan Maris 2024 ya tanadi yanke fam miliyon 300 cikin shekara biyu, tare da ƙarin kashi 10 cikin ɗari a harajin gidaje a shekarar farko, bisa izinin minista. An rage hasken fitilun titi, an yanke tallafin gidajen wasanni da kiɗa. Gidajen littattafai 35 na unguwanni su ma aka sa su a sikeli, aka shirya rage musu kwanakin aiki, a haɗa wasu da ofisoshin ba da shawara, a nema wa wasu mai riƙo. Abin da ake sa ran tsimi daga wannan duka shi ne wajen fam miliyon 2,3, wato bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na miliyon 300 ɗin ba.