Kaifin da Ke Saura a Bakin Ƙarfe

Ƙarfe ba ya yankuwa fes kamar yadda ido ke gani. Kafin bakin wuƙar inji ya raba shi, sai ya danne shi ya ture shi gaba, kuma idan ya iso ƙarshen yanka, inda babu sauran abin da ke tokare ƙarfen, ragowar ba ta gutsirewa, lanƙwashewa take yi ta zama ɗan siririn leɓe mai kaifi. Duk wanda ya taɓa huda faifan ƙarfe ya juya bayansa ya ga wannan leɓe zagaye da bakin ramin. Ƙarfe mai taushi, irin su alminiyom da tagulla, ya fi fitar da shi, haka nan wuƙar da ta dakushe. Cire shi da goge fuskar aikin su ne matakin ƙarshe, kuma su ne matakin da aka fi rainawa.

Yankar yatsa ita ce ƙaramar illarsa. Leɓen kan hana ƙarafa biyu zama daram a kan juna, sai a ɗaure noti a zaci ya kama, bayan kwana biyu leɓen ya lotse, ɗaurin ya saki. Yakan yayyage robar tsare mai tun lokacin da ake cusa ta. Idan kuwa ya ɓalle a cikin inji, mai zai kwashe shi ya kai shi inda bai kamata ko ƙura ta shiga ba.

Amma babbar matsalar ita ce gajiyar ƙarfe. Tela idan zai yaga yadi, almakashi yake ɗan sa wa bakinsa, sauran kuma hannu ya ƙarasa, domin duk ƙarfin jan yana taruwa a wannan ɗan tsagin. Haka karce ko kusurwa mai kaifi suke yi wa ƙarfen da ke ɗaukar nauyi yana saukewa. Tsagewa takan fara daga fuska, ta yi ta rarrafe kaɗan-kaɗan, har ranar da abin da ya rage ya kasa. Tun a 1843 injiniyan Sikotlan William Rankine ya lura cewa sandunan ƙafafun jirgin ƙasa suna karyewa ne daga inda kaurinsu ya canja kai tsaye ba tare da lanƙwasa ba. Daga baya Bajamushe August Wöhler ya tabbatar da gwaje-gwaje cewa nauyin da bai isa ya karya ƙarfe sau ɗaya ba yana iya karya shi idan aka yi ta maimaitawa.

Ranar 6 ga Yuli, 1996, wani jirgin kamfanin Delta samfurin MD-88 ya fara gudun tashi a filin Pensacola da ke jihar Florida a Amurka. Cibiyar farfelar injinsa na hagu ta tarwatse, gutsattsarin suka huda jikin jirgin, wata uwa da ɗanta suka rasu nan take. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta bi sawun tsagewar har zuwa cikin rami ɗaya daga ramukan da aka huda a jikin cibiyar, wadda aka ƙera da ƙarfen titaniyom a 1989. A wajen hudar, zafi ya ƙone wani ɗan wuri a bangon ramin ya taurara shi. An faɗaɗa ramin, an goge shi, amma gugar ba ta kai ga cinye wurin da ya lalace ba. An tashi an sauka da wannan cibiya fiye da sau 13,000 tsagewar tana girma, kuma binciken da aka yi mata watanni kafin haɗarin bai gano ta ba. Abin da ya fi taɓa ni a wannan labari shi ne ramin ya yi kama da gamammen aiki. Ƙyalli bai tabbatar da lafiyar abin da ke ƙarƙashinsa ba.

Shi ya sa manyan masana'antu ba sa barin zancen ga ido. Suna auna kaushin fuska da maikiromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, alhali kaurin gashin mutum kan kai wajen maikiromita 70. Akwai ma ƙa'idar duniya mai lamba ISO 13715 kan yadda za a nuna a zanen aiki irin bakin da ake so. Wajen cire leɓen kuwa, ƙananan kaya ana zuba su cikin tukunya mai girgiza tare da duwatsun guga. Waɗanda leɓen ya ɓuya a ramukan ciki ana rufe su a ɗaki mai iskar gas, a kunna wuta ta ƙiftawar ido, ta cinye siririn leɓen kafin jikin ƙarfen ya yi zafi sosai. Kuma ba kullum santsi ake nema ba: cikin silinda da gangan ake barin siraran layuka masu gittar juna don su riƙe mai.

Wannan ilimi ya shafi mai gyaran ƙarfe a Panteka ta Kaduna kamar yadda ya shafi mai ƙera jirgi. Ɗauki kiranshaf da bakanike ya kai a yanka bayan inji ya yi nokin. A kowane gefen wurin da metal, wato ɓawon ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a ciki, ke zama akwai 'yar lanƙwasa da masana'anta suka bari da niyya. Idan dutsen guga ya cinye ta ya mayar da wurin kusurwa, nan ne kiranshaf zai karye wata rana a kan hanya. Ramin mai da ke tsakiya kuma yakan fito daga guga da baki mai kaifi. Gwani zai bi shi da ɗan dutse ko magagari, ya goge da samfefa mai laushi, ya wanke hanyoyin man da burushi, ya busa iska, sannan ya ja farcensa a kai ya ji ko zai maƙale.

Duk wannan ba ya wuce 'yan mintuna, sai dai sau da yawa mai mota na tsaye a kansa yana cewa, “Maigida, ai ya yi haka, ba ni in tafi.” A ganina laifin nan na mutum biyu ne. Mai aiki bai kamata ya saki kayan da farcensa ke maƙalewa a jiki ba, mai kaya kuma idan ya matsa a rage kuɗi ko a yi sauri, wannan matakin ne za a fara tsallakewa, domin shi kaɗai ne ba a ganin rashinsa ranar da aka tayar da inji.