Ƙarshen Kakar Baƙi a Bakin Ruwa

Ruwan da mutumin Tudun Wadan Zariya ya sani shi ne Kubanni, wanda yake tsallakewa ta kan gada in zai je Sabon Gari, sai kuma Galma ga wanda noman rani ya kai shi can. Mu ba mutanen ruwa ba ne. Duk da haka 'ya'yanmu suna shiga kwale-kwale fiye da yadda muke zato. Ɗalibai kan yi karo-karo su tafi yawon buɗe ido madatsar Tiga ko tafkin Kainji, wasu su je Argungu, kuma da wuya su dawo ba su biya wani ya zaga da su a kan ruwa ba. Wannan zagayawa sana'a ce mai zaman kanta, tana da kakarta, kuma makonnin ƙarshen kakar su ne ya kamata fasinja ya fi sa wa ido.

Inda sana'ar ta fi ƙarfi a duniya shi ne kai mutane kallon ƙaton kifin nan na teku da muke kira kifin Annabi Yunusa. Dabba ce mai shaƙar iska, uwar tana shayar da ɗanta nono, shi ya sa dole ta riƙa ɓullowa saman ruwa, a nan ne masu kallo suke samun rabonsu. A 1955 wani mai jirgi a San Diego ta Amurka ya fara karɓar dala ɗaya yana kai mutane su gani. Zuwa 2008 an ƙiyasta mutum miliyan 13 suka yi wannan kallo a ƙasashe da yankuna 119, kuɗin da aka kashe ya haura dala biliyan 2. Hana farautarsa don kasuwanci da aka yi daga 1986 ya taimaka yawansa ya farfaɗo.

Ba ma nesa da mu yake zuwa ba. Wani irinsa mai doro, wanda kan kai mita 15 da nauyin tan 30, yana baro ruwan ƙanƙara na kudancin duniya ya zo mashigin tekun Gini, gaɓar Gabon da Binin da Togo, tsakanin Yuli da Oktoba don haihuwa. A nan kusan ba ya cin komai, kitsen jikinsa yake ƙonawa, don haka da ɗan ya yi ƙwari sai uwa ta juya kudu. Babu wanda ya isa ya roƙe ta ta ƙara mako guda. A garin Hamanus na Afirka ta Kudu har mai shela gare su, yana yawo da ƙahon da aka yi da ciyawar teku, in an hango kifin ya busa. Shi ma aikinsa da kaka yake tafiya.

To, a ƙarshen kaka abubuwa suke haɗuwa wa mai jirgi. Dabbar ta ragu, yanayi ya fara sauyawa, baƙi sun ɗauke ƙafa, ga shi kuɗin mai bai ragu da ko sisi ba, don injin da zai ɗauki mutum arba'in shi ne zai ɗauki takwas. Daga nan zuciya take fara raya masa abubuwa: ya fita duk da iska ta taso, ya matsa kusa da uwa mai ɗa don baƙi su sami hoto, ya bar gyaran da ya kamata ya yi yau sai an rufe kaka. Afirka ta Kudu ta san wannan hali, ta hana kowane jirgi marar lasisi matsawa ƙasa da mita 300. Kamfanoni da yawa kuma kan ba fasinja tikitin dawowa kyauta in bai ga komai ba, wanda hakan ke rage wa matuƙi matsin sai lallai ya nuna wani abu.

Mu namu abin kallon dorina ce. A Ayoru, kimanin kilomita 200 arewa maso yammacin Yamai, masu kwale-kwale sun daɗe suna kai baƙi kallon dorina a kogin Kwara, musamman ranar Lahadi da kasuwar garin take ci. Kakarsu lokacin sanyi ce, kuma dalilin yana da ban sha'awa: ruwan saman da ya sauka a tsaunukan Gini yakan daɗe yana malala a fadamun ƙasar Mali, ba ya isowa Yamai sai Disamba da Janairu. Wato kogin yana cika ne lokacin da sama ta daɗe da ɗaukewa, daidai da zuwan baƙi masu gudun zafi. Daga Maris ruwa ya fara ja baya, zuwa Mayu da Yuni yashi ya fito. A 1985 ma kogin ya tsaya cak a Yamai. Idan ruwa ya janye, dorina takan taru a 'yan gurabe masu zurfi, kuma a nan take fi faɗa, balle mai ɗa. Ƙarshen kaka ganinta ya fi sauƙi, kifar da jirgi ma ya fi sauƙi. Rashin tsaro a jihar Tillaberi, da kisan ma'aikatan agaji Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a Kure a Agustan 2020, sun kusa rufe wannan kasuwa gaba ɗaya.

Kakar Argungu kuwa 'yan kwanaki ce kacal. Bikin da aka fara a 1934 yakan cika kogin Matan Fada da tseren kwale-kwale da wasannin kabanci, sannan kowa ya watse.

Bayan watsewar ne ake gane mai jirgin kirki. Ya jawo kwale-kwalen kan yashi, ya kife shi, ya bi katako ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da bayan wuƙa. Wanda ya ruɓe ƙararsa daban take, sai a cire shi. Tsagar da ke tsakanin katakai a cusa mata tsumma ko auduga, a narka kwalta a shafe, a buga yankin kwano a kai da ƙananan ƙusoshi. Injin Yamaha a sauke shi, a juye man giya, a duba farfela ko dutse ya ɓare mata baki. Duk wannan kuɗi ne, kuma yana zuwa daidai lokacin da babu mai shigowa. Kamar manomi ne da rumbunsa: wanda ya cinye har da iri a kaka, damina za ta tona masa asiri. Shi ya sa masu dabara suke shiga adashi tun ana ciniki, su koma su ko fito ko noman rani kafin baƙi su dawo.

Wanda bai tanadi komai ba, shi ne zai cika jirgi maƙil ranar da ya ga jama'a. Mun ga ƙarshen irin wannan lodi. A Mayun 2021 jirgi ɗauke da mutum sama da 150 ya nutse kusa da Wara a jihar Kebbi. A ranar 30 ga Nuwamban shekarar, jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai a jihar Kano ya kife a madatsar Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Maulidi. Waɗannan jiragen fito ne, ba na shaƙatawa ba, amma katakon ɗaya ne, kuma sau da yawa jirgin da ya yi fito da safe shi ne yake zaga da ɗalibai da la'asar.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, mai hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare da lodi fiye da kima, ta kuma wajabta rigar kariya ga kowane fasinja. Sai dai ma'aikatanta ba sa kowace mashaya, kuma mu ma muna da namu laifin: an ba mutum riga sai ya ce tana wari, ko za ta ɓata masa hoto, ko ya ce ai kwana in ya ƙare ya ƙare. Malamin da ya kwashi 'ya'yan mutane daga unguwar Kongo ko Agoro yana da ikon ya ƙirga riguna kafin ya biya, ya leƙa cikin jirgin ya ga ko akwai yaron da aikinsa kawai kwarfe ruwa da kwano, ya dubi tazarar da ta rage tsakanin bakin jirgi da ruwa bayan kowa ya zauna. In matuƙi ya ce "Malam, a ƙara mutum biyar, babu komai", a raba su sahu biyu, a biya kuɗin man sahu na biyun.