Me Ke Sa Kulocin Tsohon Babur Zamewa?

A ƙauyukan Jangebe da Talata Mafara, babur shi ne jakin zamani. Akan gyara tsohuwar Honda CG125, samfurin da ya fito a 1975, inji ya tashi lafiya, amma da an ɗora buhun gero an doshi tudu, sai ya yi ta ruri babu gudu. Kuloci ne ke zamewa.

Kulocin irin wannan babur jerin faifai ne cikin baƙin mai, sifirin na matse su. Gogayyar da ke tsakaninsu ita ke kai ƙarfin inji ga giya. Gwanin bakanike kan fara da duba waya, domin in ta yi tauri faifan ba sa haɗuwa sosai. Akan bar wa hannun kuloci sassauci na milimita 10 zuwa 20.

Sai kuma mai, wanda aka fi mantawa da shi. Wasu mayukan mota na ɗauke da sinadaran rage gogayya, masu sa faifan santsi. Dalili ke nan Japan ta fito da ma'aunin JASO MA na man babur a 1998. Idan waya da mai duk lafiya, to faifan sun cinye ko sifirin ya saki, sai a sauya.